'Yan Daudu da Tarihin da Ba a Buga Ba

A Jamus, Adolf Brand ya soma fitar da Der Eigene a 1896, wadda ake ɗauka a matsayin mujalla ta farko ta masu neman jinsinsu. A Amurka kuwa, ONE ta fito a 1953, gidan waya ya ƙi raba ta, sai Kotun Ƙoli ta wanke ta a 1958. Manazarcin can yana da takardun da zai buɗe.

Na Kano ba shi da wannan gata. 'Yan daudun da suka daɗe suna soya da tuya a Sabon Gari da Fagge ba su bar mujalla ba, kuma daudanci ba daidai yake da abin da waɗancan mujallu suka wakilta ba. Taskarsu a baki take: habaici, zambo, kiran juna da lamirin mace, da zaurancen da Rudolf Gaudio ya kira yaren harka a littafinsa Allah Made Us na 2009. Abin takaici shi ne wannan nazari da Ingilishi aka yi shi, alhali sassan Hausa na kusa da su.

Nazarin harshe ba wanke ɗabi'a ba ne. An nazarci waƙoƙin bori ba tare da an girka kowa ba. Sai dai lokaci na ƙurewa. Tun bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, da dokar tarayya ta 2014 mai ɗaurin shekara 10 kan kafa ƙungiyoyin masu neman jinsi, tsofaffin da suka san kalmomin sukan kama bakinsu da zarar sun ga rikoda.