Ƙarin Sifirin Ba Ya Gyara Hanya: Halin Da Masu A-Kori-Kura Ke Ciki A Gabashin Sakkwato

Duk wanda ya zauna a gindin inuwa tare da masu motocin a-kori-kura a tashar Achida, ko mararrabar Marnona, ko bakin kasuwar Goronyo ranar Lahadi, zai ji cewa hirarsu ba ta yin nisa ba tare da ta komo kan sifirin ba. Ana taɓa zancen damina da kuɗin makarantar yara da tsadar gero, amma daga ƙarshe sai a dawo ga wane ya ƙara falle biyu a bayan motarsa, wane kuma nasa ya karye a kan hanyar Gandi, da kuma wane makaniki ne hannunsa ya fi kyau wajen ɗaurin. Mai sauraro yana iya ɗaukar wannan hira ta 'yan sana'a ce kurum. A haƙiƙa kuwa magana ce da ta shafi farashin abinci, da lafiyar fasinja, da kuma yadda hukuma ke riƙon hanyoyin karkara.

ABIN DA YA SA MOTAR TA ZAMA DOLE

Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ƙasa ce mai tarihi. A Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, a can ya rasu a 1837, kuma a can kabarinsa yake. Rabah ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Amma abin da ke riƙe da jama'ar yankin a yau shi ne fadamar Gulbin Rima da ta Gulbin Sakkwato. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984 aka buɗe a 1992, tare da aikin noman rani na Wurno, sun sa ana samun shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama da tattasai a lokacin da sauran gonaki suka bushe.

To, amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya kai kasuwa. Babbar mota ba ta iya gangarawa fadama, ba ta kuma shiga ƙauyuka irin su Sisawa da Kwasare da Dinawa domin buhu goma ko ashirin. Jaki da amalanke da babur suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ba su da nisan zango. Saboda haka a-kori-kura ce ke haɗa bakin gona da bakin kwalta. Ita ce ke kwaso albasa zuwa inda manyan motoci ke lodi su nufi Kudu, ita ce ke komawa da taki da siminti da gishiri, sau da yawa kuma ita ce motar asibiti idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare.

A shekarun 1970 da 1980, sa'ad da ake haɗa motocin Peugeot a cikin ƙasar nan (masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975), a-kori-kura samfurin 404 da 504 su ne suka cika waɗannan hanyoyi, kayan gyaransu kuwa ana samunsu a kowane babban gari. Yanzu yawancin motocin tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun gama aiki a wata ƙasa, kamar Toyota Hilux da ƙananan motocin kaya na Japan, kayan gyaransu kuma daga Legas ko Nnewi ake kawo su, wasu sababbi, wasu an ciro su daga jikin wata mota.

LISSAFIN MAI MOTA

Irin waɗannan motoci, masu ƙera su sun yi su ne domin ɗaukar kimanin tan ɗaya, wasu ma ba su kai haka ba. Babban buhun albasa yakan kai kilo 100 ko ya zarce. Watau buhu goma ya cika ƙa'ida, tun ba a sa direba da yaron mota da masu kayan da za su hau bisa ba. Amma wanda ya saba da hanyar Goronyo a lokacin kakar albasa ya san cewa da wuya mota ta tashi da buhu goma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Man da mota za ta sha ta kai buhu goma Sakkwato bai bambanta ƙwarai da wanda za ta sha ta kai ashirin ba. Kuɗin tasha da abin da ake bayarwa a shingayen hanya duk a kan sawu ake biyansu, ba a kan nauyi ba. Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da ke kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Taya da batir da shokazoba duk da Dala ake shigo da su. Mai mota da ya ga kashe-kashensa sun ninka, manomi kuwa ba zai iya biyan ninkin kuɗin dako ba, sai ya ga hanya ɗaya ta rage masa: ya rage yawan sawu, ya ƙara yawan lodi.

Matsalar tsaro ta ƙara tsananta lissafin. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka far wa ƙauyen Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, suka auka wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutane 43 suka rasu. A watan Satumba na wannan shekara ta 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ba da umarnin rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka ce matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Direban da a da yake yin sawu da asuba da kuma bayan magariba, ya koma neman ya isa gida da sauran rana. Idan lokacin aiki ya ragu, nauyin da ya kamata a raba sawu biyu sai a haɗa shi a sawu guda.

ABIN DA ƘARIN FALLE KE YI, DA ABIN DA BA YA YI

Nan ne makaniki ke shigowa. Sifirin bayan a-kori-kura falle-falle ne na ƙarfe mai tsiko da aka jera bisa juna, aka ɗaure da noti a tsakiya, aka maƙala a jikin aksil. Idan lodi ya yi yawa sai ya miƙe, bodi ya sauko har ya riƙa gogar taya. Maganin da aka saba shi ne a kwance ɗaurin, a cusa falle ɗaya ko biyu ko uku, wani lokaci na wata babbar mota da aka yanke, a sake ɗaurewa da dogon noti. Motar sai ta tashi tsaye, ta ɗauki kaya ba ta durƙusa ba, mai ita ya ce ta ƙara ƙarfi.

Gaskiyar magana ita ce sifirin kaɗai ya ƙara ƙarfi. Birki yana nan yadda aka ƙera shi, haka aksil da boris da shasi da taya. Idan nauyin mota ya ninka, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da ita shi ma ya ninka, kuma birkin da ya yi zafi ƙwarai yakan daina kamawa. Kowace taya akwai iyakar nauyin da aka rubuta a gefenta, tsohuwar taya kuwa a kan kwalta mai zafin bazara ba ta jiran a kai wannan iyaka kafin ta fashe. Kayan da aka jibga har suka wuce kan direba suna ɗaga nauyin mota sama, ta yadda kwana kaɗan ko rami guda ya isa ya kifar da ita. Bugu da ƙari, nauyin da ya taru a baya yana sa ƙafafun gaba su yi sakayau, sitiyari ya rage jin magana.

A da, durƙusawar mota ita ce gargaɗin da ke gaya wa direba da ɗan lodi cewa kaya ya isa. Ƙarin falle ya kawar da gargaɗin, bai kawar da haɗarin ba. Har wa yau, motar da aka taurara wa sifirin idan ta dawo babu kaya a kan hanyar burji mai gargada, sai ta riƙa tsalle, tayoyin baya su kasa riƙe ƙasa, girgizar kuma ta koma kan shasi har ya tsage. Mafi muni shi ne ɗabi'ar yi wa fallen da ya karye walda. Wutar walda tana kashe tsikon ƙarfen, kuma kusa da wurin da aka liƙa nan zai sake karyewa, watakila a inda babu mai taimako. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa.

LAIFIN WA?

Abu ne mai sauƙi a ɗora laifin duka a kan direbobi, amma yin haka ba adalci ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyar da babu kwalbati, wadda ruwa ke yankewa kowace damina, tana karya sifirin ko da lodin bai wuce ƙa'ida ba. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar Satumba ta 2010 ba, wadda ta ci ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Inda mota ba ta zuwa kuwa, jama'a kan koma kwalekwale: a watan Agusta na 2025 wani jirgin ruwa mai ɗauke da mutane fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife da su. Lodin da ya wuce kima a ruwa da wanda ya wuce kima a tudu uwarsu ɗaya, watau ƙarancin abin hawa da rashin hanya.

Ba yau aka fara alkawarin hanyoyin karkara ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a karkara, aka share hanyoyin burji masu yawa, amma da yake ba a tanadi kuɗin kula da su ba, damina kaɗan ta mai da yawancinsu yadda suke. A 2020 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da aka sa. Darasin 1986 shi ne gina hanya ba shi ne ƙarshen aiki ba. Hanyar burji tana bukatar a bi ta da gireda, a yashe magudananta, a cike ramukanta kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo su ware kuɗin gyaran hanyoyin da ke fitowa daga fadama a cikin kasafinsu na kowace shekara, a kuma bayyana wa jama'a wace hanya aka gyara da nawa aka kashe. Kwalbati guda a wurin da ya dace ya fi wa manomi amfani bisa ga dogon alkawari.

Na biyu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jiha, su kai aikinsu tasha inda ake lodi, maimakon tsare hanya bayan mota ta riga ta taso. Tarar da ake karɓa a hanya ba ta sauke buhu ko ɗaya, sai dai ta shiga cikin kuɗin dakon da manomi zai biya. Ƙungiyar direbobi ita ke da iko a tasha, ita ce kuma za ta iya tsai da adadin buhun da kowace irin mota za ta ɗauka, ta hana ɗora mutane bisa kaya. Idan ƙa'idar ta hau kan kowa, babu direban da zai ji tsoron cewa ɗan'uwansa zai ƙwace masa ciniki.

Na uku, makarantun koyon sana'a na jiha su shirya gajeren horo ga makanikan waɗannan garuruwa. Mutane ne masu basira waɗanda suka riƙe tsofaffin motoci a kan hanya shekara da shekaru, abin da suke bukata shi ne sanin iyakar abin da ƙarfe zai iya jurewa: a sa falle daidai a ɓangarorin biyu, a canja shokazoba da robobi tare da sifirin, a duba birki da taya kafin a sallami mota, a kuma daina walda a kan fallen da ya karye.

Na huɗu, duk wannan ba zai yi tasiri ba sai an sami tsaron da zai bar direba ya yi sawu biyu a rana ba tare da fargaba ba.

Kafin a kai ga haka, mai a-kori-kura zai ci gaba da biyan kuɗin hanyar da ba a gyara ba a garejin makaniki, shi kuma ya karɓa daga hannun manomin albasa, manomi ya rage abin da zai kai gida. Ma'aikacin da ke sayen albasa a kasuwar Sakkwato ko Kaduna yana biyan nasa kason, ko da bai taɓa taka hanyar Sisawa ba.