Matan Dandin Mahe na aikin gona, amma ba a lissafa su cikin manoma

A Dandin Mahe, cikin ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, da zarar an kawo amfani gida aikin mace ke kankama: sussukar gero, sheƙe, ɓarar gyaɗa, matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli, ga kiwon awakin da ake sayarwa a sayi taki idan damina ta kama. Sai dai idan aka zo rubuta sunayen manoma domin rabon taki ko rance, sunan maigida ne galibi ke shiga takarda. Ko gonar da mace ta gada, sau da yawa ɗan'uwanta ko mijinta ke nomawa, shi kuma hukuma ta sani.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manufar daidaita damar maza da mata a harkar noma a 2019, amma manufa ba ta kai ga wanda ba a ƙirga ba.

Indiya ta fuskanci irin wannan matsala. A ƙauyen Pastapur na jihar Telangana, ƙungiyar Deccan Development Society, wadda aka kafa a 1983, ta koya wa matalautan mata masu noman gero da dawa sarrafa kyamara, duk da cewa yawancinsu ba su yi boko ba. Daga 2001 suka kafa sashen yaɗa labarai nasu, suna ɗaukar finafinan gaskiya kan irin shuka na gargajiya da asarar da manoman auduga suka tafka. A 2019 ƙungiyar ta samu lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sirrin nasararsu shi ne kyamarar tana hannunsu. Wannan ya fi muhimmanci a Sakkwato, inda baƙon namiji ba ya shiga cikin gida, alhali a tsakar gidan ake rabin aikin.

Kannywood ta daɗe tana aro daga Indiya, amma rawa da waƙa ta ɗauko. Yau wayar hannu ta wadatar: ɗaliban aikin jarida mata za su iya koya wa matan Dandin Mahe ɗaukar aikinsu da muryarsu, da yardarsu da ta iyalansu. Irin wannan shaida ce za a ajiye gaban jami'an gona kafin rabon taki na gaba.