Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Masana'antun Kano da Kwafin Bayanansu

A masana'antu da dama na Bompai, Sharada da Challawa akwai wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke riƙe da lissafin albashi, bashin dillalai da ƙididdigar kayan sito. Idan aka tambayi manaja ko akwai kwafin ko-ta-kwana, sai ya ce akwai. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a kan wace na'ura kwafin zai tashi ranar da sabar ta ƙone?

Manhajar da ke ɗaukar kwafi ba da kowace na'ura take jituwa ba. Da farko akwai babbar manhajar da ke tafiyar da sabar. Microsoft ya daina kula da Windows Server 2012 a ranar 10 ga Oktoba, 2023, wa'adin CentOS 7 kuma ya ƙare a 30 ga Yuni, 2024. Masu ƙera manhajojin kwafi sukan bi sahu, su janye hannu daga tsofaffin tsare-tsare. Sannan akwai ƙirar ƙwaƙwalwar na'urar: cikakken kwafin faifan da aka ɗauka daga saba mai ƙwaƙwalwar Intel ko AMD ba zai tashi kai tsaye a kan mai ƙirar ARM ba. Rumbun lissafi irin na SQL Server kuwa, in aka kwafe fayilolinsa yana cikin aiki, ba tare da manhajar da ta san yadda za ta daidaita shi ba, abin da za a samu yana iya zama gurgu.

Tsada ta ƙara dagula lamarin. Bayan Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023, ya soke lasisin dindindin, ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci, a daidai lokacin da naira ke faɗuwa. Wanda ya gudu zuwa Proxmox a farkon 2024 ya tarar Veeam bai fara aiki da shi ba tukuna, sai daga baya a cikin shekarar.

A ganina, bai kamata mai masana'anta ya biya kuɗin manhajar kwafi ba sai mai sayarwa ya dawo da bayanan a gabansa, a kan na'ura dabam da ta asali. Ban da kwafin faifai, a riƙa fitar da lissafin kansa cikin sigar da kowace kwamfuta ke karantawa, a ajiye ɗaya nesa da harabar kamfani. Ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 ta isa darasi kan tara dukiya wuri guda.

Za a ce gwaji na cin kuɗi da lokaci. Haka ne, amma yini guda ne a wata uku. Masana'antar da ta rasa littafin bashinta kuwa, sai abin da dillalai suka ga damar tunawa za ta karɓa.