Abin Da Ɓerayen Gwaji Suka Koya Mana Game Da Zafi

Mu da ke aikin horon malamai mun sha jin ana cewa, ai mu 'yan ƙasar rana ne, zafi ba ya yi mana kome. To, wannan magana tana bukatar gyara, ɓerayen da masana ke gwaji da su kuwa sun nuna inda gyaran yake.

Ɓera ba ya gumi kamar mutum. In zafi ya dame shi, sai ya shafe jikinsa da yawu, jini kuma ya kwarara zuwa wutsiya don ya huce. In zafin ya daɗe, jinin da ke zuwa hanji sai ya ragu. Sa'an nan bangon hanji ya raunana, dafin ƙwayoyin cuta ya ratsa cikin jini, hanta da ƙoda su taɓu. 'Ya'yan maraina ma, da yake sun fi sauran jiki son sanyi, sai su rage yin iri. Duk wannan a ciki yake aukuwa, sai an duba naman da madubin likita ake ganinsa.

Gaskiya ne akwai sabo. A 1962 Ferruccio Ritossa, wani masani mutumin Italiya, ya lura ƙwayoyin jikin wani ɗan ƙuda suna sāke aikinsu in sun ji zafi, daga baya aka gane garkuwa ce. A Birnin Ƙudus kuma Farfesa Michal Horowitz ta ajiye ɓeraye kwana 30 cikin zafin digiri 34, ta tarar zuciyarsu ta ƙara juriya. Amma a lura, sabon nan sannu a hankali ya samu, cikin zafi madaidaici, ga ruwa a gabansu. Mutum kuwa, in zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40, ya shiga hatsari, ko ya saba ko bai saba ba.

Lalle ɓera ba mutum ba ne, amma hanjinsa da ƙodarsa aikinsu irin namu ne. Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu, in bazara ta kama, kada a fid da yara sharar fili da tsakar rana, kada kuma a yi horo da tsayuwa cikin rana. A ajiye randa a ko wane aji, a dasa itatuwa, aji mai rufin kwano a yi masa rufin ciki. Yaro in ya ce jiri na ɗibarsa, kada a ce ragwanci ne, a kai shi inuwa a ba shi ruwa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.