Takarda ta Yau ce, Waya ta Gobe

A ƙaramin asibitin ƙauye a ƙaramar hukumar Kebbe, sunan jaririn da aka kawo rigakafi da ranar da zai dawo a rajistar takarda ake rubuta su da biro. Ƙarshen wata sai a tattara alƙaluma a fom, a kai hedikwatar ƙaramar hukuma, a shigar da su DHIS2, manhajar da Najeriya ke tara bayanan lafiya a cikinta. Ba wanda ke gardamar ko rajistar ce ta fi ko kwamfutar, domin kowace da aikinta. Amma da an zo kan jerin ayyukan da ma'aikaci ke rubuta wa kansa, sai a rabu biyu: masu ganin ɗan littafin aljihu ƙauyanci ne, da masu ganin waya ɓata lokaci ce.

Amfanin rubuta aiki ba ya cikin takarda ko allon waya. Tun 1927 Bluma Zeigarnik ta nuna a Berlin cewa aikin da aka katse ya fi wanda aka kammala maƙalewa a zuciya. A 2011 kuma Masicampo da Baumeister a Amurka suka gano cewa idan mutum ya tsara yaushe da yadda zai yi aikin, zuciyar takan sake shi, ko da bai taɓa shi ba tukuna. Wannan sauƙin ana samun sa ko a ina aka rubuta. Bambancin yana wurin da jerin yake zaune, da kuma ko yana da iyaka.

Jerin da ke cikin waya maƙwabcin WhatsApp ne. Shugaban makaranta a Dogon Daji ya ɗauko waya don duba abin da ya rage masa kafin Azahar. Kafin ya kai ga jerin, ga saƙon zauren malamai, ga sanarwar ɗaurin aure, ga muryar ɗan'uwa ta minti huɗu. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta shafe shekaru tana auna wannan: a 2004 ma'aikaci kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a kwamfuta kafin ya sauya, daga baya ya ragu zuwa kimanin daƙiƙa 47. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin. Takarda kuwa, ko sau talatin aka dube ta, abin da aka rubuta kawai za ta nuna.

Batun iyaka ya fi wannan muhimmanci, kuma duk wanda ya zauna gaban malam a makarantar allo a Tambuwal ya san shi tun kafin ya san sunansa. Allo ba ya ɗaukar fiye da abin da almajiri zai iya riƙewa. Ana rubuta masa gwargwado, ya biya, ya kiyaye, sannan a ba shi izinin wankewa. Ƙarancin fili shi ne tarbiyyar. Manhajar waya ba ta da gindi: aiki na sittin yana shiga da sauƙin da na farko ya shiga, kuma da taɓawa ɗaya ake tura na yau zuwa gobe, ba kunya, ba wahala. Shi ya sa jerin mutane da yawa ya zama rumbun alkawuran da ba a cika ba, wanda buɗe shi kaɗai ke kashe jiki.

Duk da haka, mai cewa a jefar da waya bai yi wa aiki adalci ba. Takarda ba ta kiran mutum. Ba za ta yi ƙara ranar da ya kamata a bi sawun yaron da bai dawo allura ta uku ba, ko ranar rufe rajistar jarrabawa. Ruwan damina na cin ta, gara ma haka, kuma jami'in da ke zagayen makarantu tsakanin Tambuwal da Sanyinna ba zai iya aika wa abokin aikinsa shafin littafinsa su gyara tare ba. Duk abin da ke da rana da sa'a, ko yake hannun mutum fiye da ɗaya, waya ce gidansa. Sai dai ita ma tana da sharaɗi: caji da sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, kuma a yankin da shagon cajin waya ya zama sana'a, batir kan mutu a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Abin da ya fi dacewa da ma'aikacin Kebbe ko Tambuwal, saboda haka, shi ne tsarin da asibitin ƙauye ke bi tun da daɗewa. Waya ta riƙe mako da wata. Bayan Isha'i a buɗe ta sau ɗaya, a kwafo ayyuka uku zuwa biyar a ɗan kati, a jera su bisa agogon da kowa ke bi: wannan kafin Azahar, wannan tsakanin Azahar da La'asar. Mafi nauyi a sa shi da hantsi, kafin zafin rana ya kwashe ƙarfi, wayar kuma tana cikin jaka.

Aikin da bai samu ba, dole a sake rubuta shi da hannu a katin gobe. Wannan 'yar wahalar ita ce ribar. Idan aka rubuta "rahoton wata" dare uku a jere, hannu ya fara tambayar da manhaja ba ta taɓa yi: ko aikin ya yi girma ne a kasa shi, a fara da "tattaro rajistar Kuchi", ko na wani ne a miƙa masa, ko kuwa tun farko ba a yi niyyar yin sa ba, a ja masa layi.