Duniyar "Da A Ce": Tsokaci A Kan Wani Fim Ɗin Aljani

   

Na san wasu za su yi mamakin ganin malamin Islamiyya ya ɗauki alƙalami a kan fim ɗin Turawa, to amma ga dalili. Kwanakin baya, bayan mun tashi daga darasin dare a nan Magama, wani ɗalibina saurayi ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce: "Malam, don Allah ka kalli wannan, ka gaya mini ko laifi ne mutum ya yi fatan ya zauna a irin wannan duniyar." Wannan yaro 'yan bindiga ne suka kashe mahaifinsa a hanya, Allah Ya jiƙansa. A safiyar ranar shi ne ya tsayar da mahaifin a ƙofar gida yana neman kuɗin makaranta, har motar farko ta tashi ta bar shi, ya shiga ta biyu, ita ce kuma aka tare. Tun daga ranar maganarsa ɗaya ce: "Da ban tsayar da shi ba." Na karɓi wayar, na kalli abin da ya nuna mini, kuma abin da na gani shi ne ya haifar da wannan rubutu.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Shirin sunansa Supernatural, an yi shi a Amurka, an fara haska shi a 2005 aka kammala a 2020. Labarin wasu 'yan uwa biyu ne, Dean da ƙanensa Sam, waɗanda ke yawo gari-gari suna binciken kashe-kashen da suka gagari 'yan sanda, domin a cikin labarin dodanni da fatalwa ne ke aikata su. Mahaifiyarsu ta mutu a gobara tun Dean yana ɗan shekara huɗu, wannan ne ma ya jefa su cikin wannan rayuwa ta wahala.

A kashi na 20 na zango na biyu, wanda aka nuna a 2007, Dean ya bi sawun wani aljani har cikin wani tsohon sito, aljanin ya kama shi ya shafe shi da hannu. Sai kawai ya farka a wata duniya dabam: mahaifiyarsa tana raye a gidansu na da, ƙanensa yana karatun lauya har ya yi baiko, shi kansa yana da aiki da gida. Har da wurin da aka nuna shi yana yanke ciyawar tsakar gidan mahaifiyarsa yana murmushi, kamar wanda aka ba sarauta. Amma sannu a hankali sai ya gano cewa duk mutanen da suka taɓa ceta sun mutu, tun da a wannan duniyar babu wanda ya cece su, kuma tsakaninsa da ƙanensa babu wata shaƙuwa. A ƙarshe ya fahimci gaskiyar lamarin: aljanin bai canza komai ba. Shi dai yana nan rataye a cikin sito, an saka masa allura ana zuƙe jininsa, an bar shi da mafarki mai daɗi don kada ya motsa. Mutanen mafarkin suka yi ta roƙonsa ya zauna, ya ƙi, ya farka.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in faɗi abu biyu. Na farko, aljanin fim ɗin nan ƙirƙira ce ta marubuta. Aljanu a wurinmu halittar Allah ce daga wuta, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, ba su san gaibu ba kamar yadda ƙissar rasuwar Annabi Sulaiman (AS) ta nuna a Suratu Saba'i aya ta 14, balle su iya juya ƙaddara. Na biyu, hanyar da jarumin ya bi ya farka ita ce daɓa wa kansa wuƙa a cikin mafarkin, wannan kuwa ba abin koyi ba ne ta kowace fuska, domin kashe kai yana cikin manyan zunubai. Ban kawo labarin don in tallata shirin ba. Akwai tsiraici da shirme da yawa a cikinsa. Na kawo shi ne domin 'ya'yanmu da ƙannenmu suna kallonsa, a shagunan tura fina-finai ake zuba musu shi a waya da kuɗi ƙalilan, kuma yin shiru ba zai goge shi daga wayoyin ba.

Mu ma muna da namu aljanin

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ra'ayina shi ne: abin da aka siffanta a fim ɗin nan yana faruwa da mu kullum ba tare da wani aljani ya taɓa mu ba. Kalmar "da" ita ce allurar. Mutum zai zauna ya gina wata rayuwa a zuciyarsa, inda bai yi hasara ba, inda mamacinsa yake raye, inda ya auri wadda ya so, sai ya tare a can, alhali kwanakinsa na gaskiya suna tsiyayewa kamar jinin wancan ratayayye. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mumini da ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya. Idan kuma wani abu ya same shi, ya hana shi cewa da ya yi kaza da kaza ta faru, ya umarce shi da ya mayar da al'amarin ga ƙaddarawar Allah, domin wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Hausawa ma sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin ɗanɗanon wannan kalma. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, bayan 'yan watanni kuma aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Direbobi, 'yan dako, masu abinci, 'yan canji, kowa ya ji a jikinsa. Har yau idan ka zauna a majalisa za ka ji ana cewa: "Da ba a rufe boda ba, da yanzu na gina gida." Wani kuma ya koma can baya ya ce, da Turawan Ingila da Faransa sun ɗan karkata layin da suka shata a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, da yanzu sefa muke kashewa. Abin dariya, idan ka tsallaka Ɗan Isa sai ka tarar da wani yana cewa da ma a Najeriya aka haife shi.

Matsalar duniyar "da" ita ce mu ne muke rubuta ta, kuma daɗin kawai muke sakawa a ciki. Wanda ya ce da ba a rufe iyaka ba da ya yi arziki, bai lissafa hatsarin da wataƙila zai yi a hanyar Maraɗi ba, bai kuma lissafa abin da dukiyar za ta yi wa addininsa ba. Ko marubutan fim ɗin sun gane cewa idan ka zare zare ɗaya daga saƙa, sauran ma sai sun motsa. Sanin abin da bai faru ba, da yadda zai kasance da ya faru, na Allah ne Shi kaɗai. Shi ne Ya ba da labari a Suratul An'am aya ta 28 cewa 'yan wuta ko an mayar da su duniya za su koma ga abin da aka hana su. Shi ne kuma Ya sanar da Haliru, a Suratul Kahfi, abin da yaron nan zai jawo wa iyayensa muminai da ya girma, alhali Annabi Musa (AS) da kansa bai ga hikimar ba sai da aka bayyana masa. To ina ga ni da kai?

A nan ne wani shirin, mai suna Lucifer, ya yi mummunar ɓarna. A wani kashi da aka haska a watan Mayu na 2018, an sanya muryar wani mutum a matsayin Ubangiji, wal iyazu billahi, wai ya kautar da harsashi ɗaya domin mahaifin jarumar ya rayu, sannan ya zuba ido ya ga yadda za ta kaya. Tsarki ya tabbata ga Allah daga wannan siffa. Mai gwaji don ya gani, jahili ne ga sakamako, Allah kuwa iliminSa ya rigayi komai. Shirin da ya mayar da Iblis kyakkyawan saurayi mai taimakon 'yan sanda, ina yi wa matasa nasiha da su nisance shi gaba ɗaya.

Shin ke nan mu yi shiru a kan zalunci?

Na san wani zai ce: "Malam, da irin wannan wa'azin ake kwantar da talaka, a kashe shi ya ce ƙaddara, a toshe masa hanyar abinci ya ce ƙaddara." Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba zan kauce mata ba, domin lallai akwai masu fakewa da ƙaddara don kada a tuhume su. Amsa ita ce malamai sun rarrabe. Ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku, don zuciya ta sami natsuwa. Ba a kafa ta don wanke mai laifi. Wanda ya harbi mahaifin ɗalibina mai kisan kai ne, zai tsaya gaban Allah. Wanda aka ɗora wa amanar tsare hanyar ya yi sakaci, shi ma za a tambaye shi, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye shi tun a duniya. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya sami labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida (RA) ya yi masa magana a kan gudun ƙaddara, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Haka kuma ba kowace "da" aka hana ba. Imamul Bukhari ya ware babi a cikin Sahihinsa a kan wadda ta halatta, kuma Annabi (SAW) da kansa ya yi amfani da ita a Hajjin Bankwana game da dabbobin hadaya da ya koro. Idan mutanen Jibiya suka ce da ba a yi gini a kan hanyar ruwa ba da ambaliyar Yuli 2018 ba ta ci rayuka haka ba, suna nufin a gyara gaba, wannan ilimi ne da ɗaukar darasi. Wadda aka hana ita ce ta munafukai bayan yaƙin Uhudu, wadda Suratu Ali Imrana ta ambata a aya ta 156 da ta 168, inda suka riƙa cewa da 'yan uwansu sun zauna a gida da ba a kashe su ba. Allah Ya bayyana cewa wannan magana baƙin ciki kawai take zama a zukatansu. Ma'aunin mai sauƙi ne: duba abin da kalmar ta bar ka da shi. Idan ta tashe ka zuwa ga aiki ko tuba, alheri ce. Idan ta zaunar da kai kana tuhumar kanka da Ubangijinka, to allurar nan ce.

Abin da na gaya wa ɗalibina

Da muka sake haɗuwa na ce masa: "Ƙanena, kewar mahaifi ba laifi ba ce, hawaye ma ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Amma kai ba ka kashe mahaifinka ba. Ɗa ne ya nemi kuɗin makaranta wurin ubansa, wannan ko kusa ba zunubi ba ne. Ajalinsa rubutacce ne tun kafin a haife ka, kuma da ya shiga motar farko, ba ka san abin da ke jiransa ba." Na tuna masa cewa a duniyar mafarki babu abin da zai iya yi wa mahaifinsa, amma a wannan da muke ciki yana da dama: addu'ar ɗa nagari tana isa ga mamaci, haka sadaka, haka sada zumunci da aminan mahaifin. Ga mahaifiyarsa tana raye tana bukatarsa, ga ƙannensa suna kallonsa. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce: "Malam, wata uku ke nan ban zauna na yi hira da Inna ba." Na ce to daga nan za ka fara, a daren nan.

Ban ce ya warke ba, irin wannan ciwo ba ya tafiya a dare ɗaya. Amma ya dawo darasi, kuma ya koma sana'arsa.

Ya 'yan uwa matasa, kowannenmu yana da tasa "da" ɗin da yake ɓoyewa: jarrabawar da ya faɗi, auren da ya mutu, jarin da ya karye a bakin iyaka. Haɗuwa da waɗanda muka rasa tana nan tafe da yardar Allah, domin Ya yi alkawari a Suratuɗ Ɗur aya ta 21 zai riskar da zuriya muminai ga iyayensu. Hanyar zuwa can kuwa ta cikin wannan rayuwar ta bi, da sallarta da nemanta da haƙurinta.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da Katsina da Maraɗi da sauran ƙasashen Musulmi, Ya sa mu dace da yarda da hukuncinSa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara. Wallahu a'alam. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.