Gidan Runji: gona, burtali da iyaka

Duk ɗan kasuwar da ke bin gudron daga Maraɗi zuwa Madawa da Ƙonni ya san Gidan Runji, ko da tsayawar shan ruwa ce. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su tambayi yadda wannan gunduma take zaune, alhali kuwa hatsi da wake da bisashen da ake sauke mana a kasuwar Maraɗi ranakun Litinin da Juma'a, kaso mai yawa daga can yake fitowa. In ƙura ta tashi a can, a tiyarmu muke fara ganin alama.

Gundumar tana yamma da birnin Maraɗi, ta yi iyaka da Nijeriya ta kudu. Kwaminoni biyar gare ta: Gidan Runji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Sa'e Sabuwa. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura rabin miliyon. Gulbin Maraɗi ne ya ratsa ta. Yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Fadamar gulbin nan ita ce dukiyar yankin, ita ce kuma abin faɗa. Manomi yana son ta don noman rani, makiyayi yana son ta don ruwa da ɗanyar ciyawa. Tun da aka gina madatsar Jibiya a wancan gefen iyaka, ruwan da ke malalowa ba ya kai na da.

Dattawa za su gaya maku cewa a da manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya ƙara masa da damin hatsi. Yau kara da harawa sun zama kuɗi. Mu da kanmu muke saye muna kiwon tumakin layya a cikin gari. Jama'a ta ƙaru, gona ba ta ƙaru ba, sai aka dinga cin burtali taku bayan taku, har wata hanyar da garke ke bi ta koma ta jaki ɗaya. Garken da ya gangaro daga arewa ƙarshen damina ya tarar an shuka masa hanya, to ina zai bi?

Wannan tambaya ce ta haifi Toda. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, daidai lokacin da babban taron ƙasa ke zaune a Yamai, rikicin ɓarnar gona ya rikiɗe ya zama kisan gilla a wannan ƙauye na ƙasar Gidan Runji. Fiye da mutum 100 aka kashe, Fulani, akasarinsu mata da yara. Muna so matan kasuwa su lura da wannan: ba su suka kora shanu gona ba, amma su aka tarar a gida.

Bayan haka ne, a watan Maris na 1993, aka kafa dokar karkara, wadda ta haifar da hukumomin filaye da ake kira Kofo, tun daga gunduma har kwamin da ƙauye. A 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, burtali kuma ba na sayarwa ba ne ko na nomawa. Hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara. In an yi ɓarna, a je wurin maigari ko sarki a sasanta a rubuta takarda, in ta ƙi a tafi gaban alƙali. A takarda babu abin da ya rage.

Matsalar tana ga yawan masu iko. Ga perefe da Yamai ke naɗawa. Ga sarauta, da Sarkin Gobir a Tsibiri da sarakunan kanto da masu gari. Ga shugabannin Fulani, waɗanda ke da jama'a amma ba su da ƙasar da za su ce tasu ce. Ga kuma kwamin, wanda ya samu magajin gari tun zaɓen 2004, har zuwa watan Afrilu na 2024 da hukumomin soja suka rushe majalisun kwaminoni suka naɗa wakilansu. Mai ƙara yakan zaɓi ƙofar da yake da ɗan uwa a bayanta. Makiyayi na ganin maigari manomi ne, tarar da za a ɗora masa an riga an yanke ta. Manomi na ganin mai shanu na da abin sayarwa ya saye shari'a. A ganinmu kowannensu na da ɗan abin da ya dogara da shi, kuma shi ya sa Kofo da ba ta da kuɗin man babur don zuwa auna ɓarna kafin rana ta faɗi ba ta da amfani sosai. Abin da ya faru a Bangi ta ƙasar Madawa, maƙwabciyar Gidan Runji, a watan Nuwamba na 2016, inda aƙalla mutum 18 suka mutu, ya nuna doka kaɗai ba ta kashe wutar ba.

Sai ga wata sabuwa ta shigo ta kudu. Daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Ƴan bindigar ba su tsaya a iyaka ba: satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun shigo ƙauyukan bakin iyaka. Haɗarin da muke hange shi ne a haɗa wannan da tsohon rikicin gona, a ce duk mai sanda da rawani ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, alhali makiyayi ne farkon wanda ake kwashe wa garke. A Zamfara haka abin ya faro, da ƴan sa kai da ramuwar gayya.

Mu ƴan kasuwa mun riga mun ɗanɗana rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, mun san yadda kaya ke tsada idan hanya ta toshe. Rikicin ƙabila ya fi wannan muni, don shi amana yake ci. Mai fura tana karɓar nono bashi wurin Bafulatana ta biya ranar kasuwa mai zuwa. Dillalin bisashe yana tsaya wa baƙon da ya sauka gidansa. Ranar da Bafulatana ta ji tsoron shigowa gari da ƙwaryarta, mai fura ta rasa sana'a, mahauci ya rasa sa, mai hatsi ya rasa wanda ke sayen buhu uku a tashi ɗaya. Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwar jahar Maraɗi su tambayi perefe da sarakuna tun kafin kaka shi ne: wace rana aka sa ta sakin gonaki, an sanar da ita a rediyo da kasuwannin ƙauye, kuma burtalai nawa ne aka sake dasa wa duwatsun iyaka a bana.